Kyamara Mai Ƙaho Biyu

Shekara uku Dogo yana neman Auta, shekara uku babanta yana ba shi amsa ɗaya, wai kiɗa ba sana'a ba ce.

Tsohon bai tsane shi ba. In sun haɗu a hanya yana amsa gaisuwarsa, har ya tambayi lafiyar yayarsa. Amma da zarar maganar aure ta taso sai fuskarsa ta rufe kamar ƙofar shago. Dogo kafinta ne na wucin gadi, yau akwai aiki gobe babu, abin da ya rage na lokacinsa kuwa jita ta cinye. Auta tana aiki a wani kemis da ke bakin titi. Shekarunta ashirin da shida, ita kaɗai ta rage a gaban babanta tun rasuwar mahaifiyarta.

Farkon watan nan tsohon ya kira Dogo ƙofar gida, ko zama bai ba shi ba.

"Na ba ka zuwa ƙarshen wata. Ka kawo min takardar aiki mai hatimi, aikin da ake biya duk wata. In ka kawo na ba ka ita. In ba ka kawo ba ka bar min ƙofar gida, akwai mai jira."

Mai jiran nan kowa ya san shi. Manaja ake ce masa, ɗan aminin tsohon ne, shi ke da babban shagon kayan lantarki a kasuwa. Shekara guda ke nan yana zuwa da mota yana ajiye ledoji, Auta tana rabar da su ga maƙwabta.

Dogo ya taka gari har takalminsa ya buɗe baki. Duk inda ya je takardar makaranta ake tambaya, shi kuwa a aji uku na sakandare ya tsaya. Sai a mako na ƙarshe ya ci karo da sanarwa a bangon wata makarantar kuɗi: ana neman malamin kiɗa na yara. Ba su ce a kawo shaidar komai ba. Abin da suke so bidiyo ne na minti biyar, mutum yana kiɗa yana waƙa a gidansa, ɗauka ɗaya, ba yanka ba haɗi, a miƙa kafin ƙarfe sha biyu na ranar Alhamis. Wanda aka zaɓa zai karɓi takardarsa ranar Juma'a. Wata kuma zai ƙare ranar Asabar.

Ya gwada da wayarsa. Hoto ya fito tas, har da tabon guduma da ke babban yatsansa. Amma da ya saurara sai ya ji jitar kamar ana suya a cikin gwangwani. Ya ari wayar yayarsa, ya ari ta mijinta, duk sammakal.

Ranar Laraba da safe ya rataya jitarsa ya shiga kasuwa da ɗan abin da ya tara. Ya zagaye layin masu lantarki sau biyu don kada ya taka shago ɗaya. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa wannan shagon dai.

Manaja yana zaune bayan gilashi, fanka tana kaɗa masa riga, yana juya makullin mota a yatsa.

"A'a, sarkin kiɗa da kansa? Yau a shagona? Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Kyamara nake so, wadda ke ɗaukar murya da kyau, mai sauƙin kuɗi."

"Murya kawai? To ai rediyo za ka saya." Ya yi dariyarsa shi kaɗai. "Na ji labari. Makaranta ko? Baba ya faɗa min. Allah ya ba da sa'a, da zuciya ɗaya nake faɗa."

Yadda ya kira baban Auta "Baba" ɗin nan ya fi komai sosa wa Dogo rai, amma ya haɗiye.

Manaja ya fiddo wata babba baƙa mai sheƙi ya ajiye a kan gilashin kamar wanda ya ajiye jariri.

"Wannan in ka tsaya nan za ta jawo maka mutumin da ke tsallaken titi har ka ƙirga haƙoransa."

"Ba haƙora zan nuna musu ba. Kunna min in gwada."

Dogo ya sauke jita ya zauna a kan kwalin talabijin, ya yi kiɗa na rabin minti. Ya ciro iyafis ɗinsa daga aljihu ya jona, ya sa a kunne ya saurara. Duk lokacin da hannunsa ya motsa sai ya ji idon kyamarar yana ƙir-ƙir yana neman hoto. Inda ya taɓa tsirkiya a hankali, ƙarar fanka ta taso kamar ruwan sama a kan kwano. Inda ya buga da ƙarfi, sautin ya lanƙwashe ya yi ƙasa.

"Tana da shisshigi," ya ce. "In na yi a hankali ta ƙara da kanta, in na buga da ƙarfi ta danne. Ni nake kiɗan ko ita?"

"Kai ne mutum na farko da ya zo sayen kyamara idonsa a rufe."

Ta biyun ’yar ƙarama ce, ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Manaja ya ce har cikin ruwa tana shiga ba abin da zai same ta. Dogo ya gwada, ya cire iyafis tun kafin ya kai ƙarshe.

"Kamar na kifa bokiti a kaina nake waƙar. Abin da ya hana ruwa shiga shi ya hana murya. Ni kuma ba a rijiya zan yi kiɗan ba."

"To, abin da kuɗinka zai iya ke nan. Sai dai ka koma wayarka."

A can ƙasan gilashin, cikin tarkacen caja da tsofaffin batura, Dogo ya hango wata. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Idonta ƙarami, fuskarta duk ta ƙarje, a samanta kuma makirufo biyu sun gitta juna kamar ƙahon ɗan akuya.

"Waccan fa?"

"Waccan kwance ce. Wani mai ɗaukar labarai ya kawo ya canza da waya. Hotonta ba ya burge kowa, in ba haske sai ka fito kamar aljani."

"Ba ni."

A gefenta akwai wata ’yar taya mai lamba ɗaya zuwa goma, wadda mutum ke murzawa da kansa ya tsayar da ƙarfin sauti inda yake so. Dogo ya ajiye ta a biyar, ya yi kiɗan nan dai na rabin minti, ya mayar da iyafis.

Bai cire ba har ta ƙare. Ya ji yatsansa yana zamewa a kan tsirkiya. Ya ji katakon jitar yana amsawa daga ciki. Fanka tana can dama a inda take, makullin Manaja yana ƙwal-ƙwal a hagu, kowanne da wurinsa, ba wanda ya hau kan wani.

"Nawa?"

Manaja ya dube shi, ya dubi baƙar nan mai sheƙi, ya turo ta gabansa da yatsa biyu.

"Ɗauki wannan kyauta. Da gaske nake. Mu ’yan'uwa ne, ba gaba tsakaninmu. Abu ɗaya kawai, ranar bikina kai za ka yi mana kiɗa. Na san ita ma za ta ji daɗi."

Dogo ya ji jini ya hau masa kai. Ya tuna cewa da hannun nan zai yi kiɗa anjima, ya sa shi a aljihu.

"Na gode. Mai ƙahon nake so, kuma saya zan yi."

Suka yi ciniki ba wasa ba dariya. Da ya haɗa da memori da batir biyu, ko na mota bai rage masa ba.

"Ƙafar da ake ɗora ta fa?" Manaja ya tambaya. "Ko a kan kanka za ka ajiye?"

"Ina da mai riƙe min."

"To madalla. A gaida mai riƙon."

A ƙasa ya koma, amma ba ɗakinsa ya nufa ba. Ɗakinsa siminti ne tsirara, in ka yi tari sai ya dawo maka sau biyu, ga injin niƙa a bayan taga. Gidan yayarsa ya wuce. Ita tela ce, ɗakin ɗinkinta cike yake da bandir-bandir na yadi har rufi, ga riguna a rataye ta ko'ina. Tun da daɗewa Dogo ya lura duk faɗin unguwar ba inda jitarsa ke fita kamar ɗakin nan, don yadi yana shanye amsa-kuwwa.

Yaya ta bi shi da ido yana kashe fanka, yana zare firij ɗin falo, yana sauke agogon bango yana cusa shi cikin tarin ƙyallaye.

"Saura ni ka cusa," ta ce.

"Ke ma in za ki yi shiru na minti biyar, Yaya, an kafa tarihi."

"Ka ji ɗan banza. A ɗakina, da wutata."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Dogo bai kula ba, yana can yana ɗage labule don haske ya sauka a kan kujerar da zai zauna. Awa ɗaya gare shi, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar. Da biyar ta yi maƙwabcinsu mai walda zai tayar da janareta, ba ya kashewa sai dare.

Auta ta iso huɗu saura kaɗan, da rigar aikinta a leda, wadda ta ce wa babanta za ta kai a rage mata hannu. Ta gaida Yaya, ta dubi Dogo sau ɗaya ta sauke kai.

"Idonki ya kumbura," ya ce.

"Kaya aka sauke jiya, ban yi barci sosai ba. Ina abar? Wannan ce? Kai Dogo, duk kyamarorin duniya ka rasa wadda za ka saya sai mai kama da fara?"

"Ki bari ki ji ta tukuna."

Ya tsayar da ita taku uku daga kujerar. Ya ga nisan ya fi na shago, ya murza tayar daga biyar zuwa takwas don kada a rasa inda zai sassauta. Sannan ya gyara mata tsayuwa kamar yadda yake tsayar da mai riƙe masa katako.

"Hannu biyu. Manna gwiwar hannunki a jikinki, kada ta yi rawa. Ɗaga ta daidai haɓarki. Yawwa. In jar wutar ta kama kada ki motsa har sai na ɗago kai."

Yaya ta zo ta tsaya a kafaɗar Auta tana leƙen ’yar fuskar kyamarar.

Jar wuta ta kama.

Ya fara da waƙar yara, wadda ya shirya a kan tsuntsaye goma da suka jeru a wayar lantarki suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa na ƙarya. Ya yi ta da fara'a, yana kallon idon kyamarar kamar aji ne cike a gabansa. Daga nan ya sauka zuwa ta biyu, mai sanyi, ta wani mutum da ke jira a tashar mota. In zai yi irin wannan idonsa rufewa yake da kansa, tun yana yaro haka yake. Bai buɗe ba sai da tsirkiyar ƙarshe ta mutu.

Ya san ya yi. Mai kiɗa yana sani tun kafin a faɗa masa. Ko kuskure ɗaya babu, muryarsa kuwa bai taɓa jin ta zauna masa haka ba.

"Minti huɗu da hamsin," in ji Yaya. Auta ta miƙa masa kyamarar, ta juya tana duba wata riga da ke rataye.

Dogo ya zauna yana murmushi, ya sa iyafis, ya danna.

Tsuntsaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, tas, kamar a gidan rediyo. Ya ɗaga musu babban yatsa. Waƙa ta biyu ta shigo. A nan ne ya fara jin wani numfashi da ba nasa ba, kusa ƙwarai, kamar a cikin kunnensa ake yin sa. Sai jan hanci. Sai raɗa, wadda ta fi jitar da ke taku uku fitowa sarai, don bakin mai yin ta bai fi tafin hannu daga makirufo ba.

"Kin faɗa masa?" Muryar Yaya ce.

"A'a."

"Sai yaushe?"

"Bari ya gama, Yaya. Dubi yadda yake murna."

"Gobe ne fa."

"Ƙarfe goma za su zo, Manaja da babansa da baffanninsa. Baba ya ce ba amfanin jiran Asabar."

"Kuma kika ce kin yarda?"

"Na ce na yarda."

Jitar ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci. Sannan raɗar ta dawo, a karye.

"Ban san yadda zan zauna da mutumin nan ba, Yaya. Ko sallamarsa ba na son ji. Wannan nake so. Shi kaɗai nake so, Allah ya sani."

Daga nan har ƙarshe kuka ne, irin wanda ake yi da baki a rufe, yana tafiya tare da waƙar kamar da shi aka shirya ta. Hoton kuwa ko girgiza bai yi ba. Ta riƙe kamar yadda ya ce.

Dogo ya cire iyafis ɗin a hankali ya naɗe shi a yatsa.

"Ya ta fito?" Yaya ta tambaya.

"Ta fito. Duka ta fito. Ƙarfe goma, ko?"

Auta ta juyo. Ta dubi kyamarar, ta dubi Yaya, ta zauna a kan bandir ɗin yadi.

"Raɗa fa muka yi," in ji Yaya. "Ni kaina da kyar na ji ta."

"Don haka na saye ta, Yaya. Ke kuma tun yaushe kika sani?"

"Da safen nan ta kira ni."

"Kika bar ni ina sauke agogo ina zare firij kamar mahaukaci."

"Da na faɗa maka, da ka iya buɗe baki ka yi waƙa? Ƙanena ne kai, na san ka."

Ya juya ga Auta, wadda hawaye ke sauka a fuskarta ba ta ko sharewa.

"Zuwa Asabar ya ba ni. Da bakinsa ya faɗa."

"Baban Manaja za a fita da shi asibiti ranar Juma'a. Ya ce yana so ya ga an tsayar da magana kafin ya tafi, don bai san ko zai dawo ba. Shekara arba'in suna tare da Baba."

"Wannan tsakaninsu ne. Ke nake tambaya."

"Jiya ya kira ni ɗakinsa. Ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah, na yarda za ka samu aiki cikin kwana uku, abin da ba ka samu a shekara uku ba? Na yi shiru. Ya ce tun da Mama ta rasu bai taɓa roƙona komai ba. Ya ce shi ya yi min kitso da hannunsa ina aji ɗaya, yara suna yi min dariya, bai ƙara aure ba don kada wata ta taɓa ni. Ya ce yau yana roƙona abu ɗaya." Ta haɗiye kuka. "Ka faɗa min, Dogo, in kai ne me za ka ce?"

"Da na ce a jira Asabar."

"Ba ka ga fuskarsa ba."

"Kin faɗa masa abin da kika faɗa wa Yaya yanzu? Ko sau ɗaya, da bakinki?"

"Ya sani ai."

"Bai sani ba. Ledoji ya ga kina rabarwa, ya ɗauka kunya ce. Shekara uku ni nake zuwa ina tsayuwa a rana ina magana, ke kina bayan labule. Shi a ganinsa ni na liƙe miki."

"Haka kake gani? Sau nawa na shiga ɗakinsa da maganar a bakina? Da ya ɗago kai ya ce 'Auta, mene ne?' sai in ce ruwan wankansa ya yi zafi. Ba zan iya kallon idonsa in ce masa a'a ba. Ban taɓa ba. Ka kira ni matsoraciya, na yarda."

"Ban kira ki komai ba."

Yaya ta ciro agogon daga cikin ƙyallaye ta duba.

"Ku bar wannan tukuna. Biyar saura ashirin. Waccan ɗaukar ba ta kaiwa makaranta, da asirin gidan mutane a ciki, kuma sun ce ba yanka. Zauna ka sake. Mu za mu fita falo, ka ɗora ta a kan keken ɗinki."

Ya ɗora ta a kan keken, ya tokare da almakashi da kwalin zare. Ya zauna, ya fara.

A tsuntsu na uku muryarsa ta tsage. Ya kashe ya sake. A karo na biyu yatsunsa suka manta hanya, abin da yake bugawa ko cikin barci. A karo na uku ya kai har waƙa ta biyu, ya rufe ido, sai ya ji kukan nan a kunnensa alhali ba iyafis. Ya sauke jitar, jar wuta tana kallonsa.

Janaretan mai walda ya tashi.

Da ya fito falo Auta ta riga ta ɗauki ledarta. Ya tsaya a bakin ƙofa da kyamarar a hannu.

"Ko gobe da safe na gwada ba za ta fito ba, na san kaina. Ɗauka ɗaya gare ni, kuma ba ta makaranta ba ce. Mutum ɗaya ne ya kamata ya ji ta."

Ta gane. Ta dafe ƙirji.

"Kada ka yi min haka. Baba zai san ƙarya na yi masa da maganar riga. Zai san ƙarya na yi masa jiya."

"In kin ce kada in kai, ba zan kai ba. Muryarki ce, ba tawa ba. Zan goge a gabanki yanzu."

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin.

Auta ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta gyara mayafinta, ta share fuska da bayan hannu, ta wuce shi. Sai da ta kai ƙofar waje ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ƙarfe tara yake fitowa ƙofar gida," ta ce. "Kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Ka sa masa a na dama."

Washegari tara da kwata Dogo ya sami baban Auta a kan benci, sanye da sababbin kaya, an share ƙofar gida an jera kujeru shida. Tsohon makanike ne, ko a ranar baƙi bai iya zama hannu sake ba, famfon ruwa ne a cinyarsa a kan tsumma yana kwance shi.

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa bai ɗago ba.

"Ka kawo takardar?"

"Ban kawo ba, Baba."

"To ka yi haƙuri. Na san Asabar na ce maka, na kuma karya maganata, wannan laifina ne. Amma na tambayi yarinya ta ce ta yarda. Ba a yi mata dole ba."

"Ba gardama na zo yi ba, Baba. Abu ɗaya nake roƙo, ka saurari wannan. In ka gama ka ce in tafi, ba za ka sake ganina a layin nan ba."

"Waƙa? Yau?"

"Akwai waƙa a ciki."

Tsohon ya dubi abin mai ƙaho biyu, irin kallon da yake wa injin da bai taɓa buɗewa ba. Ya goge hannu da tsumma. Dogo ya miƙa masa iyafis, ya nuna kunnen dama. Tsohon ya tsaya cak.

"Wa ya faɗa maka wannan ne mai ji?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ɗan dubi ƙofar gidan, inda labule ke motsi ba iska, sannan ya sa.

Tsuntsaye suka wuce fuskarsa ba ta canza ba. Da aka shiga ta biyu sai ya karkata kai, ya rufe ido, ya danna iyafis ɗin da yatsa kamar yadda yake kafa kunne a jikin mota. Famfon ya zame daga cinyarsa ya faɗi ƙasa, bai bi shi da ido ba. Dogo yana durƙushe yana kallon lambobi suna tafiya, ya san daidai inda kowace kalma take.

Ta ƙare. Tsohon bai cire ba, bai kuma buɗe ido ba.

"Shekara ashirin da shida," ya ce a hankali, "ban taɓa jin kukanta haka ba. Ko ranar da muka binne uwarta."

A lokacin ne mota ta shawo kwana, wata tana biye da ita. Sun yi sammako. Manaja ya fara fitowa, ya zagaya ya buɗe wa babansa, baffanni uku suka fito suna gyara riguna. Da ya hango Dogo a durƙushe sai murmushinsa ya tsaya a rabi.

Baban Manaja ya dogara sanda ya matso da fara'arsa, ya yi sallama, ya miƙo wa amininsa hannu.

Tsohon ya buɗe ido, jajaye. Ya amsa sallamar, ya kama hannun ya saki, amma bai miƙe ba. Ya dubi Dogo.

"Mayar min daga farko."

Sannan ya ɗaga wa baƙin tafin hannu, ya nuna musu kujeru.

"Ku zauna tukuna. Minti biyar ne."